Notis Bayan Ƙorafi: Haƙƙin Ɗan Haya Idan Mai Gida Ya Yi Masa Barazanar Kora a Birnin Kebbi da Argungu

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi halin da ɗan haya ke shiga a Birnin Kebbi da Argungu idan mai gida ya ba shi notis, ko ya yi masa barazanar kora, don kawai ya nemi a yi gyara, ko ya ƙi ƙarin kuɗin da aka yi masa a tsakiyar shekara, ko ya kai kuka wurin hukuma. An bi dokokin karɓar gida daga hannun ɗan haya, da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, da littattafan fiƙihun Malikiyya da alƙalanmu ke aiki da su. Abin da ya fito fili shi ne, dokar Nijeriya ta tsare hanyar da za a bi a fitar da mutum daga gida, amma ba ta tambayar dalilin fitar da shi. Maƙalar ta nuna cewa Majalisar Dokokin Jihar Kebbi tana da ikon toshe wannan kafa, kuma tushen gyaran yana nan cikin fiƙihun da ake karantarwa a zaurukan garuruwan biyu.

Gabatarwa



Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Birnin Kebbi, wadda kafin nan mazaunin Sarkin Gwandu ce da hedikwatar ƙaramar hukuma, ta wayi gari da gwamna da ma'aikatu da ɗimbin ma'aikatan da aka maido gida daga Sakkwato, kowa yana neman inda zai sa iyalinsa. Tun daga lokacin masu neman ɗaki ba su daina ƙaruwa ba. Ga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, ga ma'aikatan asibitoci. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na bai wa manoman shinkafa rance, harkar shinkafa ta buɗe, masana'antar Labana ta ja ma'aikata da 'yan kasuwa. A Argungu kuwa, bayan ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, an buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a 2017. Sannan ga waɗanda ba neman arziki ya kawo su gari ba: mutanen da ambaliyar 2020 ta raba da muhalli a fadamar Rima, da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙasar Zuru, da mutanen yankin Augie da suka shiga zulumi bayan harin Mera na watan Nuwamban 2024.

Shi ma mai gida bai tsira ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 siminti da kwano da katako sun yi tashin gwauron zabo, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Gwamna Nasir Idris ya sa mafi ƙarancin albashi a naira 75,000, amma albashi ba ya gudun kasuwa. A irin wannan yanayi mai gida yana jin nauyin gyara, ɗan haya yana jin nauyin ƙari, kuma dukansu sun san cewa in ɗakin ya zama fanko yau, kafin mako ya zagayo dillali zai kawo wani. Wannan sanin shi ne ƙarfin barazanar da nake son mu duba.

Yadda abin yake faruwa

Mu ƙaddara malamin firamare ne, yana haya ciki da falo a Badariya ko Bayan Kara, ya biya shekara cif a watan Janairu. Ruwan Agusta ya sauko, kwano yana yoyo, silin ya kumbura, masai ya cika yana tumbatsa cikin tsakar gidan da iyali huɗu ke tarayya a kansa. Ya sami mai gida da ladabi: "Alhaji, ranka ya daɗe, ɗakin nan fa zai faɗo wa yara." Alhaji ya ce a yi haƙuri sai bayan damina. Ya sake komawa, aka yi kunnen uwar shegu da shi. Da ya ga abin zai kai ga amai da gudawa, sai ya gaya wa mai unguwa, ko ya kira duba-gari. Kwana kaɗan sai ga amsa: "Malam, tunda har ka iya kai ni ƙara, nemi wani wurin."

Wannan ita ce korar ramuwar gayya. Da wuya a ambace ta da sunanta a takarda. Abin da ake rubutawa shi ne ɗan mai gida zai yi aure, ko za a yi wa gidan kwaskwarima gaba ɗaya, ko magada za su raba gado. Wani lokaci ma ba a ba da notis, sai a ninka kuɗin haya yadda aka san mutum ba zai iya ba. Wani mai gidan kuma ƙin karɓar kuɗin yake yi da gangan har wata biyu su wuce, sannan ya ce ɗan haya ya ƙi biya. In duk wannan bai yi ba sai a koma ga ƙarfi: a cire ƙyaure, a kwance kwano da sunan gyara, a yanke wuta, a sa wa famfo kwaɗo, ko a turo zauna-gari-banza su yi ta zarya a ƙofar gida.

A Argungu abin yana da wani salo. Gari ne da aka san juna, mai gida galibi ɗan gari ne mai dangi a kowace shiyya, ɗan haya kuwa sau da yawa baƙo ne da aiki ko karatu ya kawo. In aka ce wane mai kai ƙara ne, labarin zai riga shi isa wurin dillalai, ya rasa wannan ɗaki ya kuma rasa na gaba. Mace mai zaman kanta da 'ya'ya, ko ɗaliba, nata ya fi muni, domin ana iya haɗa mata da ƙazafi a kan tarbiyyarta, kuma ƙazafin ya fi notis saurin tayar da mutum.

Abin da doka ta tanada

Sha'anin haya ba ya cikin jerin abubuwan da Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe wa tarayya, saboda haka kowace jiha da dokarta. Jihohin Arewa, har da Kebbi ta hanyar Sakkwato, sun gaji tsarin dokar karɓar gida da Turawa suka kafa a 1945, wadda aka maimaita a kundin dokokin Jihar Arewa na 1963. Tsarin a taƙaice matakai uku ne. In babu wata yarjejeniya da ta ce akasin haka, mai biyan mako-mako notis ɗin mako guda ake ba shi, mai biyan wata-wata na wata guda, mai biyan wata uku-uku na wata uku, mai biyan shekara-shekara kuwa na wata shida. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Daga nan sai shari'a. In mai gida ya yi nasara, ma'aikatan kotu ne kaɗai ke da ikon fitar da kaya, da takardar umarni a hannunsu.

Kotun Ƙoli ta tsaya kai da fata a kan wannan. A shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu ta 1986, gwamnati ce da kanta ta tura jami'ai ɗauke da makamai suka fitar da Cif Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu, kuma Kotun Ƙoli ta yi tir da hakan. A 1986 ɗin dai, a shari'ar Eliochin da Mbadiwe, ta nuna cewa wanda ya shiga wurin da ke hannun ɗan haya da ƙarfi zai iya biyan diyya mai tsanani don ta zama horo. A 1997, a shari'ar Iheanacho da Uzochukwu, ta sake jaddada cewa mai gidan da ya fitar da ɗan haya ba tare da bin kotu ba ya yi kutse, ko da kuwa wa'adin hayar ya ƙare. Ma'ana, gidanka ne, amma muddin wani ya shige shi da izininka, ba ka da ikon fitar da shi da hannunka.

Dokar laifuka ma ba ta yi shiru ba. Kundin hukunta laifuka na Arewa na 1959 ya haramta tsoratar da mutum da barazana, da shiga muhallinsa don a muzguna masa, da lalata masa kaya. Cire ƙyaure da kwance rufi a kan iyali suna iya faɗawa cikin waɗannan. Sannan sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba. Bashin haya irin wannan rikici ne. Ɗan sandan da ya tsare ɗan haya don ya tilasta masa sa hannu a kan ranar tashi, ya fita daga hurumin aikinsa.

Duk wannan kariya ce ta gaske, kuma abin takaici ne yadda 'yan haya da yawa masu biyan shekara ke kwashe kaya cikin dare saboda an ce musu kwana uku, ba su san doka ta ba su wata shida ba.

Inda kafar take

To amma a sake duba matakan nan uku. Kotu za ta tambaya: notis ɗin ya cika kwanakinsa? An rubuta shi daidai? An miƙa shi ga wanda ya dace? In amsar e ce, an gama. Babu inda tsarin da muka gada ya sa alƙali ya tambayi mai gida abin da ya faru mako biyu kafin ya rubuta notis ɗin. Dokar tamkar mai gadi ce da ke duba ko da makulli aka buɗe ƙofa, bai damu da abin da aka fita da shi ba. Mai gidan da ya cire ƙyaure ya yi laifi. Wanda ya fi shi wayo, ya je wurin lauya aka rubuta masa notis mai tsabta, ya cim ma buri ɗaya da na farkon, kuma doka ta sa masa albarka.

Shekara da shekaru abin da lauyoyin 'yan haya ke yi shi ne farautar kuskure a cikin notis: an rage kwana ɗaya, an rubuta ɗan wata a maimakon ɗan shekara, lauya ya sa hannu ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba. In an samu, ƙara ta rushe, a koma farko. Wannan dabara ta sami tangarɗa a watan Fabrairun 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, wadda ta shafe sama da shekara ashirin tana yawo a kotuna. Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta bayyana cewa ko da notis na farko yana da naƙasu, da zarar an shigar da ƙara an kai wa ɗan haya sammaci, ya sami sanarwar da ta isa. Lauyoyi suna ta muhawara a kan ko wannan magana ita ce ƙashin bayan hukuncin ko kuwa tsokaci ne a gefe. Ni dai ina ganin kotun ta yi gaskiya a kan matsalar da ke gabanta, domin zalunci ne mutum ya zauna a gidan wani shekaru yana fakewa da kuskuren kwanan wata. Sai dai hukuncin ya tone mana asiri: garkuwar da ɗan haya mai gaskiya ke riƙe da ita daman aro ce daga kurakuran magatakarda, yanzu kuma an karɓe rabinta, ba a ba shi wata ba.

Tsarin Mulki fa? Sashe na 16 ya ɗora wa gwamnati samar da muhalli mai kyau ga 'yan ƙasa, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta aiki da shi. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, a ƙarar da ƙungiyar SERAC ta kai Nijeriya kan Ogoni, ta yanke a 2001 cewa haƙƙin muhalli yana ƙunshe cikin Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Nijeriya ta mayar dokar gida. Wannan hujja ce mai amfani idan gwamnati ce ke rushe unguwa. A tsakanin Alhaji da malamin firamare a gaban majistare, ba ta cika yin nisa ba.

Asarar ba ta tsaya kan wanda aka kora ba. Sauran iyalai ukun da ke gidan sun ga abin da ya sami wanda ya buɗe baki, sun ɗauki darasi. Duba-gari ba ya iya shiga kowane gida a Birnin Kebbi, ido da kunnensa su ne mazauna gidajen. In kai rahoton masai da ya cika yana nufin rasa ɗaki, ba wanda zai kai, kuma dokokin tsabtar muhalli da na gini sun zama takarda kawai. Kwalara kuwa ba ta tsayawa a gidan haya.

Yadda wasu suka yi

A kan wannan hujja ce wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta Amurka ta kafa hukuncinta a 1968, a shari'ar Edwards da Habib. Edwards mace ce da ke haya wata-wata, ta kai rahoton ƙazantar gidan, masu bincike suka sami saɓa ƙa'ida sama da 40, mai gida ya ba ta notis ɗin kwana 30. Alƙali Skelly Wright ya ce mai gida yana iya tayar da ɗan haya ko da ba dalili, amma ba zai tayar da shi don ya kai rahoto ga hukuma ba, domin hakan zai kashe dokar gidaje baki ɗaya. Daftarin dokar haya da aka tsara wa jihohin Amurka a 1972 ya ƙara gaba: in notis ya zo cikin shekara guda bayan ƙorafi, a ɗauka ramuwa ce har sai mai gida ya kawo hujjar akasin haka.

Ingila ta gwada nata a 2015. Ta hana notis ɗin da ba a faɗin dalili na tsawon wata shida, amma sai in hukumar gari ta zo ta duba gidan ta ba mai shi takardar umarnin gyara. Sharaɗin nan ya raunana dokar, domin hukumomin ba su da isassun ma'aikata. Ƙungiyar Citizens Advice ta gano a 2018 cewa kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka kai ƙorafi a hukumance suna samun notis cikin wata shida. A 2025 majalisar ƙasar ta zartar da dokar soke irin wannan notis gaba ɗaya. Darasin a gare mu a bayyane yake: kariyar da ta dogara ga sai jami'i ya zo ya rubuta rahoto ba za ta yi aiki a Kebbi ba.

A gida ma akwai abin koyi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta sa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida ga mai gidan da ya yi barazana ko ya fitar da ɗan haya da ƙarfi. Sashe na 37 ya ba ɗan haya damar kai ƙarar ƙarin kuɗin da ya wuce hankali, ya kuma hana a fitar da shi kafin a yanke hukunci a kan ƙarar.

Abin da fiƙihu ya ce

Wani zai ce wannan duk tunanin Turawa ne, mu a nan mai abu shi ke da iko da abinsa. Wannan magana ba ta yi wa littattafanmu adalci ba, kuma rikicin haya da yawa tsakanin Musulmi a Birnin Kebbi da Argungu kotun shari'a ake kai shi, inda Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ke kan tebur.

Malikiyya sun raba haya gida biyu. Akwai wajiba, wadda aka yanke mata wa'adi, kamar a ce shekara kaza a kan kuɗi kaza. Wannan ƙulli ne mai ɗaure kowa, mai gida ba ya da ikon warware shi don ransa ya ɓaci, kuma mutuwar ɗayansu ma ba ta rushe shi. Akwai kuma mushahara, wato kowane wata kuɗi kaza ba tare da an faɗi ƙarshe ba. Ita wannan kowa na iya fita daga cikinta, sai dai in an biya kuɗi a gaba, to ta ɗaure gwargwadon abin da aka biya. Tunda al'adar garuruwanmu biyan shekara ne a dunƙule, malamin nan na Badariya da ya biya a Janairu yana da haƙƙin zama har Disamba, a fiƙihu kamar yadda yake a dokar boko.

Ba zan ɓoye inda mazhabar ba ta goyi bayan ɗan haya kai tsaye ba. Mashhurin zance, wanda Khalil ya tafi a kai, shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara. In lalacewar tana cutarwa, zaɓin da ɗan haya ke da shi shi ne ya warware hayar ya tashi, a mayar masa da kuɗin sauran kwanakin. Hukuncin yana da ma'ana a garin da ɗaki ke da sauƙin samu. A garin da tashi ke nufin sabuwar la'ada, da kuɗin shekara a dunƙule, da canza wa yara makaranta, zaɓin ya zama abin da mai gida ke so tun farko. Kuma ko a nan, rashin tilasta gyara a cikin ƙullin haya dabam yake da ikon hukuma na kawar da abin da ke cutar da jama'a, kamar masai da ke malala cikin kwata ko katangar da ke shirin faɗawa kan hanya.

Inda fiƙihun ya fi dokar da muka gada zurfi shi ne a kan niyya. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imam Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa, an gina mata hukunce-hukuncen da ke taƙaita ikon mutum a cikin mulkinsa. Mai Risala ya hana buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci, ya hana haƙa ramin da zai cutar da shi, ko da a cikin filinka kake haƙawa. Misalin da ya fi kusa da batunmu yana babin saki. Saki haƙƙin miji ne, ba a tambayarsa dalili. Amma in ya saki matarsa yana cikin ciwon ajali, Malikiyya sun ce za ta gaje shi ko da ta gama idda, bisa hukuncin da Sayyidina Usman ya yi wa matar Abdurrahman bn Auf. Lura da yadda aka gina hukuncin: ba a ce matar ta tono abin da ke zuciyar mamaci ba. Lokacin da aka yi sakin shi ne alamar, kuma a kansa aka hukunta. Wannan shi ne ainihin abin da daftarin Amurka na 1972 ya yi da notis ɗin da ya biyo bayan ƙorafi. Malamai irin su Shaɗibi a Muwafaƙat sun yi dogon bayani a kan wanda ya yi amfani da halal don ya cim ma cutar da wani. Ban ce ƙiyasin saki da haya ya daidaita ta kowace fuska ba, wannan aikin malamai ne su tace. Abin da nake cewa shi ne, duba manufar mai haƙƙi lokacin da yake amfani da haƙƙinsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Abdullahin Gwandu.

Gyaran da ya dace da Kebbi

Duk gyaran da zai ɗauki mai gida a matsayin azzalumi ba zai wuce majalisa ba, kuma bai kamata ya wuce ba. Masu gidajen haya da yawa a garuruwan nan tsofaffin ma'aikata ne da suka zuba kuɗin sallama a ɗakuna huɗu, ko gwauraye da marayu da hayar ita ce abincinsu. Akwai kuma ɗan hayar da zai ci wata takwas bai biya ba, ranar da aka yi masa magana ya tuna cewa rufi yana yoyo. Doka mai kyau dole ta rufe wa wannan ƙofa.

Saboda haka abin da nake ba da shawara ƙarami ne. A ƙara sashe guda a dokar karɓar gida ta jiha, mai cewa in ɗan haya ya yi ƙorafin gyara ko na tsabta a rubuce, ko a gaban mai unguwa da shaidu biyu, ko ga wata hukuma, sannan notis ko ƙarin kuɗi ya biyo baya cikin wata shida, kotu za ta ɗauka ramuwa ce. Mai gida yana iya rushe wannan zato in ya nuna ana bin ɗan hayar bashi tun kafin ƙorafin, ko shi ne ya yi ɓarnar, ko kuma da gaske shi ko ɗansa zai shiga gidan. In ya ce ɗansa zai shiga, sai aka ga baƙo a ciki bayan wata biyu a kan kuɗi mafi yawa, ya biya diyya. Sa mai unguwa a cikin sashen yana da muhimmanci, domin mafi yawan hayarmu da baki ake ƙulla ta, kuma mutanenmu sun fi saurin zuwa ƙofar mai unguwa fiye da ofis. Majalisun masarautun Gwandu da Argungu za su iya umartar masu unguwanni su riƙe littafin da ake rubuta irin wannan ƙorafi da kwanan watansa. A haɗa da damar ɗan haya ya ajiye kuɗinsa a kotu in mai gida ya ƙi karɓa, sai dabarar ƙirƙirar bashi ta mutu.

Kafin a kai ga nan, wanda aka yi wa barazana yau yana da abin yi. Kada ya daina biyan haya don fushi, domin wannan ne kuskuren da ke mayar da mai gaskiya marar gaskiya a gaban alƙali. Ya biya ta banki ko ya karɓi rasit. Ya ɗauki hoton lalacewar, ya ajiye saƙonnin waya da na WhatsApp, tunda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da hanyar karɓar irin wannan hujja. Kada ya sa hannu a takardar alƙawarin tashi a ofishin 'yan sanda. In an kawo sammaci ya je kotu, domin rashin zuwa ne ke sa a yanke hukunci a bayansa. In an cire ƙyaure ko an yanke ruwa, yana iya neman kotu ta hana, ta kuma sa a biya shi diyya. Hukumar Ba da Agajin Lauya, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimaka wa wanda ba ya da kuɗin lauya.

Ina kira ga reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Birnin Kebbi da malaman fiƙihu na masarautun biyu su zauna tare su tsara wannan sashe, su miƙa shi ga Ma'aikatar Shari'a da Majalisar Dokokin Jiha. Ba ya buƙatar kasafin kuɗi, ba ya buƙatar izinin Abuja. Majalisar tana da mambobi 24, kuma rinjayensu da sa hannun gwamna sun isa.